Littafin binciken kisa ba ya koya wa kowa kisa

Duk lokacin da aka tayar da maganar littattafan nan da ake kashe mutum a babin farko sannan a yi ta neman wanda ya kashe shi har shafin ƙarshe, sai ka ji wani ya ce ai irin su ne ke buɗe wa yara ido, su ke koya musu yadda ake zuba guba da yadda ake ɓatar da sawu. Masu sassauci kuma su ce ɓata lokaci ne kawai, mutum da hankalinsa ya zauna yana bin ƙaryar da wata Baturiya ta shirya. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba, a ganina ma da za a samu matasanmu suna karanta irin waɗannan littattafan da yawa da wasu halayenmu sun ragu, musamman wannan halin namu na yanke hukunci tun kafin mai magana ya rufe baki.

Wadda na fi so a fagen nan ita ce Agatha Christie, 'yar Ingila, an haife ta 1890 ta rasu 1976, ta bar littattafan bincike 66 banda gajerun labarai da wasannin kwaikwayo. Wanda na gama kwanan nan shi ne Five Little Pigs da ya fito a 1942, kuma wallahi ban san sanda dare ya raba ba, sai da na ji unguwa ta yi tsit sannan na duba agogo.

Ga yadda labarin yake a taƙaice, ba zan faɗi mai laifin ba don kar in ɓata wa wanda bai karanta ba. Wani mai zanen hoto ne aka kashe da guba a cikin giya, kotu ta ɗaure matarsa, ta mutu a gidan yari. Duk wanda ka tambaya zai ce maka ita ce, don dalili a fili yake, mijin ya kawo wata yarinya cikin gidan yana zana ta kuma yarinyar ta faɗa a gaban mutane cewa aurenta zai yi, an ji matar tana masa barazana, an samu kwalbar gubar a ɗakinta, ita ce kuma ta kai masa giyar da hannunta, sannan a kotu ko ƙoƙarin kare kanta na kirki ba ta yi ba. To me ya rage? Bayan shekara 16 sai 'yarsu da ta girma ta zo wajen Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam ɗin nan mai gashin baki da yake fitowa a rabin littattafanta na bincike, da wasiƙar da uwar ta bar mata tana cewa ba ita ta yi ba. Babu gawa da za a duba, babu wurin da za a je a ɗauki hoton yatsa, komai ya wuce. Abin da ya rage masa kawai mutum biyar ne da suke gidan a ranar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya saurare su, sannan ya roƙi kowa ya zauna ya rubuta abin da ya tuna.

Nan daɗin yake. Rana ɗaya ce, gida ɗaya, amma labari biyar za ka karanta, kuma ba wai duk ƙarya suke yi ba, a'a, kowa abin da zuciyarsa ta bar shi ya gani ne ya gani. Wanda yake sonta a ɓoye ya ga wata mace daban, wanda yake jin haushinta ya ga wata daban. Akwai malamar da take koyar da ƙanwar matar a gida, wadda take ƙaunar matar sosai, ta riƙe wani sirri shekara da shekaru ba ta faɗa wa kotu ba saboda tana ganin shi ne zai ƙarasa ta: ta gan ta da idonta tana goge kwalbar giyar da hankici tana danna yatsun mamacin a jiki, don a ce shi ya kashe kansa. Ni da na karanta wurin cewa na yi shikenan magana ta ƙare. Sai can gaba Poirot ya juya maganar, ya tunatar da kowa cewa binciken da aka yi tun a lokacin ya nuna babu guba a cikin kwalbar, a kofin take. To wanda ya zuba guba a kofi da hannunsa me zai kai shi wahalar goge kwalba? Wato shaidar da aka ɓoye don a rufa mata asiri ita ce ma take wanke ta. Kai, sai da na koma baya na nemo shafin da aka fara faɗin maganar kofin, yana nan kuwa ƙuru-ƙuru, na karanta shi da idona na wuce.

Wannan komawa bayan ita ce abin da wanda bai saba karanta irin littattafan nan ba ba zai gane ba. Marubuciyar ba ta ɓoye maka komai ba, duk abin da mai binciken ya gani kai ma an nuna maka, ka dai kalli wani wajen ne. Kuma ba haka kawai abin ya zo ba, marubutan wancan zamanin sun ɗauke shi a matsayin amana tsakaninsu da mai karatu. Wani limamin cocin Katolika mai suna Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin labaran, ya fitar da ƙa'idoji goma a 1929, daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance an ambace shi tun farkon labari, ba a yarda aljani ko tsafi su warware matsala ba, ba a yarda mai bincike ya gano gaskiya ta hanyar sa'a ko wai jikinsa ne ya ba shi ba, kuma duk wata alama da ya tsinta sai ya ajiye ta a gaban mai karatu. Ita Christie ta sha taka gefen ƙa'idojin nan, littafinta na 1926 har rigima ya jawo wasu suna cewa ta yi maguɗi, amma in ka koma ka duba sai ka tarar ba ta yi maka ƙarya ko a layi ɗaya ba.

Yanzu maganar koyar da laifi. Ba zan ce masu faɗin haka ba su da abin kamawa ba sam. Christie ta san guba ba kaɗan ba, don a yaƙin duniya na farko ta yi aikin jinya sannan ta koma ɗakin haɗa magunguna na asibiti a garinsu, a yaƙi na biyu ma ta sake yin aikin a wani asibitin koyarwa a Landan, har wata mujallar masu haɗa magani ta yaba wa littafinta na farko na 1920 saboda ba ta yi kuskure a bayanin maganin ba. A 1961 ta yi wani littafi da aka yi amfani da gubar da ake kira taliyam, wadda babbar alamarta ita ce zubewar gashi. Shekara goma bayan nan, a 1971, wani Graham Young ya shayar da abokan aikinsa irin wannan gubar a wata masana'anta a Ingila, mutum biyu suka mutu, jaridu suka yi ta kwatanta abin da littafin. To amma wannan mutumin tun yana yaro yake haukan guba, yana ɗan shekara 14 kotu ta tura shi asibitin masu laifi masu taɓin hankali saboda ya shayar da 'yan gidansu. Ba labari ne ya mai da shi haka ba.

Kuma shi wannan littafin dai da ake zargi, a 1977 an ruwaito yadda aka kawo wata jaririya 'yar wata 19 daga Katar zuwa wani asibiti a Landan tana ta ƙara rikicewa likitoci sun rasa gane kanta, sai wata nas da take karanta littafin a lokacin ta ce anya ba gubar nan ba ce, ga gashin yarinyar yana zuba. Aka gwada, ita ce, ta same ta ne daga maganin kashe ƙwari da ake amfani da shi a gida, aka yi mata magani ta rayu. Masu cewa a hana karatu ba sa kawo wannan rabin labarin.

In ma gaskiya za a bi, yaron da ya ɗauki wuƙa ya tare mutum a lungu ya ƙwace waya, littafi nawa ya karanta? Ku je ku tambaya. Wanda zai iya haƙurin zama da shafi ɗari biyu da wani abu yana lura da waye ya ce me da ƙarfe nawa, ba shi ne matsalar unguwa ba. An taɓa ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, ban ga sanda ƙwacen waya da shaye-shaye suka ragu saboda haka ba.

Iyayenmu da yayyenmu da suka yi boko a shekarun 1970 da 1980 su James Hadley Chase suka sha, har yanzu in ka leƙa wajen masu sayar da tsofaffin littattafai za ka gan su da bangon nan nasu mai hoton mace da bindiga wanda ake naɗewa da takarda don kar malam ya gani. Shi ma Bature ne ɗan Ingila, amma yawancin labaransa a Amurka ya kafa su, ana cewa da taswira da ƙamus ɗin karin maganar Amurkawa ya fara. Nasa salon daban ne, gudu ne da harbi da cin amana a kan kuɗi, kuma in mutum ya ce ba zai ba ɗansa ɗan shekara 12 ba ni ba zan yi musu da shi ba, akwai batsa da rashin imani a wasu. Amma su waɗanda suka karanta ɗin ai su ne alƙalai da likitoci da manyan sakatarori na yau, da yawansu ma za su ce maka a nan suka iya Turanci.

Abin da ya fi damuna shi ne kishiyar abin da littafin bincike yake koyarwa, wanda shi muke rayuwa a ciki. A gidan wata gwaggona an taɓa yin biki sarƙar gwal ta amarya ta ɓata, kafin a ce kwabo duk ido ya koma kan yarinyar da take musu aiki, 'yar ƙauye ce ba ta fi shekara 13 ba. Hujja? An ga ta shiga ɗakin. Ɗakin da tun safe mata sun fi ashirin suna shiga suna fita, masu canza kaya da masu shayar da yara da masu neman cazar waya. Aka zazzage ƙullin kayanta a tsakar gida, wata ta ce a kira mai turmi, wata ta ce a sa ta dafa Alƙur'ani, yarinya tana ta kuka tana cewa wallahi Hajiya ban ɗauka ba. Wata tsohuwa ce daga dangin ango da take zaune a gefe tana cin goro ta ce, ke Hajiya, tsaya tukun, wa ya ga sarƙar nan a ƙarshe, kuma a wuyan wa? Aka yi shiru. Aka bi a hankali, sai ga shi ashe tun kafin a tafi wajen kamu babbar yayar amarya ta cire mata ita ta jefa a jakarta don kar ta faɗi a cikin turmutsutsu, ita kuma tana can gidan ango wajen jere wayarta a kashe. Ba wanda ya ba yarinyar haƙuri yadda ya kamata, an dai ƙara mata nama a abinci. Tsohuwar nan ba ta taɓa jin sunan Miss Marple ba, tsohuwar ƙauye mai saƙa da Christie ta ƙirƙira wadda take gano masu kisa saboda ta san halin mutanen ƙauyensu, amma aikinsu ɗaya.

Wannan a cikin gida ke nan inda abin ya tsaya a kuka. A titi rai ake rasawa. Mutum ɗaya ya yi ihun ɓarawo a kasuwa, kafin minti biyar an nemo taya da fetur, in ka tambayi masu dukan me ya sata rabinsu ba su sani ba. A 2012 an kashe ɗaliban jami'ar Fatakwal huɗu a Aluu a kan zargin sata. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da suke hanyar komawa Kano yin sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne saboda an ga bindigogin farauta a motarsu. Mun yi kuka mun yi Allah ya isa kuma da gaskiyarmu, amma mu ma a garuruwanmu muna yi wa wasu, har da maganar nan ta wai an taɓa mutum gabansa ya ɓace. Ban ce littafi zai tare gungun mutanen da idonsu ya rufe ba, wannan aikin hukuma ne da hukunta waɗanda suka yi. Abin da nake cewa shi ne wanda ya saba da labarin da kullum mutumin farko da kowa ya nuna da yatsa yake fita ba shi ba ne, akwai wata 'yar tambaya da take zama a kansa, kuma ko mutum biyu ne suka yi ta da ƙarfi a cikin taro wani lokacin tana sayen mintunan da ake buƙata.

Kuma don Allah kar wani ya ce min wannan tunanin Turawa ne. A cikin Suratu Yusuf da aka rasa mai gaskiya tsakanin Annabi Yusuf da matar Aziz, me mai shaidar nan daga danginta ya ce? A duba rigar, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ta yage shi ne mai gaskiya. Ba duka, ba rantsuwa, riga kawai aka duba. A Suratul Hujurat an ce in fasiƙi ya zo mana da labari mu bincika don kar mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya haddace ita ce hujja tana kan mai ƙara. Littattafan tarihi cike suke da labaran Iyas ɗan Mu'awiya alƙalin Basra da yadda yake kama maƙaryaci da tambaya ɗaya. A karkararmu kuma akwai masu bin sawu, a sace shanu da dare su bi ƙasa da safe su gaya maka mutum nawa ne, wanne ne yake ɗingishi, a ina suka tsaya suka huta. Kayanmu ne, mu muka ajiye shi.

Shi ya sa nake jin haushin yawancin labaran da marubutanmu suke sakewa a WhatsApp da Wattpad da waɗanda ake karantawa a YouTube in sun taɓo kisa ko sata. Za a ɗauko labari da kyau, an kashe Alhaji a ɗakinsa, mata uku, 'ya'ya goma sha, ga direba ga ɗan'uwan da suke rigimar fili, ka gyara zama. Ka bi shafi ɗari uku, ka biya kuɗin shiga group ma, sai a ƙarshe uwargida ta haukace ta fito tsakar gida tana tona wa kanta asiri, ko ta yi hatsarin mota ta kira kowa bakin gadon asibiti ta yi ikirari, ko a kira malam ya yi ruƙiyya aljani ya faɗi komai ta bakin 'yar aiki, ko wani ya yi mafarki. In an sa ɗan sanda a ciki to aikinsa mari ne, a shiga da mutum ɗakin baya a fito da shi ya amsa. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tsoro don marubucin bai ma san yana koya wa mai karatu cewa haka ake gano gaskiya ba, alhali tun 2017 akwai dokar da ta haramta azabtarwa a Najeriya, kuma kowa ya san wanda aka rataye a fanka zai amsa har laifin da aka yi kafin a haife shi.

Na taɓa yi wa wata marubuciya wannan ƙorafin ta ce min, yaya ai ka san ƙasarmu, ina muka ga kayan gwajin jini da na hoton yatsa da za mu rubuta. Na ce mata ƙanwata littafin da nake ba ki labari babu ko ɗaya a ciki, mutum biyar ne da bakinsu da wani tsoho mai kunnen saurare. Abin da yake da wuya shi ne marubuci ya zauna tun kafin ya fara ya san waye ya yi, da ƙarfe nawa, ta wace ƙofa, wa ya gan shi bai gane abin da ya gani ba, sannan ya warwatsa waɗannan a cikin labarin yadda mai karatu zai taka su ya wuce. Wanda yake rubuta shafin yau da daddare don ya saki da safe saboda 'yan group suna ta Anti ci gaba, shi kansa bai san mai kisan ba, dole a ƙarshe ya nemo aljani ya fitar da shi.

Ga wuraren labari kuwa har sun yi mana yawa. Kuɗi su ɓata a shago a Kantin Kwari tsakanin azahar da la'asar yara huɗu kowa da makulli, ko a tarar da gawa a motar haya da ta taso daga Legas fasinja kowa ya ce barci yake, ko rabon gado da takardar gida biyu kowacce da sa hannun mamaci. Mai binciken ba sai ya zama ɗan sanda ba, zai iya zama muhuti mai ritaya, ko ungozoma, ko mai unguwa da ya san wa ke bin wa bashi. Zaman kotun majistare ba a biyan kuɗin shiga, marubuci ya je ya zauna a benci na baya sati biyu ya ji yadda lauya yake warware shaidar ƙarya, ya samu mai kemis na gaske ya tambaye shi abin da magani yake yi da wanda ba ya yi. Masu shirya gasar rubutu irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 su ma da za su ware wani zagaye na labarin bincike zalla da sharaɗin ba mafarki ba boka ba duka, da mun ga waɗanda za su iya. Duk wanda ya rubuta ni zan saya da kuɗina har in saya wa wasu, amma in na kai shafin ƙarshe na tarar uwargida ce ta haukace, zan biyo shi inbox ya dawo min da kuɗina.